Tambayi Bakanike: Sau biyu ana canza min fanbel amma motar bata daina kuka ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da Corolla ƙirar 2006, tunda sanyin nan ya shigo duk safiya in na tada ta sai ta kama wani ƙara ƙiiiii daga gaban injin, har maƙwabta sun san lokacin fitata, bayan kamar minti biyu sai tayi shiru, in na kunna esi kuma ya dawo. An canza min fanbel sau biyu, kowanne sati biyu zuwa uku yake yi lafiya sai kukan ya dawo. Zuwan ƙarshe yaron garejin sabulu ya goga masa yace shikenan, washegari abu ya dawo sabo. Yanzu ogansu yace altaneta ce sai an sayo wata, ni kuma albashin koyarwa ne kasan yadda abin yake. Shin in saya ne? Kuma akwai haɗari in na cigaba da hawa a haka?
Daga wata malamar makaranta a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, amin summa amin, na gode. Kafin komai dan Allah kar ki sayi altanetar nan tukuna. Ban ce ogan ƙarya yake ba, zai iya yiwuwa ita ɗin ce, amma a duk bayanin da kika yi banga inda aka gwada aka tabbatar ba, kuma gwajin nan baya wuce minti ashirin, baya cin ko sisi in banda ledar fiya wata ɗaya da ɗan guntun alli, wanda nasan ke ba za ki rasa shi ba.

Bari mu fara da abinda ke kukan. In motarki irin ta Amurka ce mai injin 1.8 ɗin nan da ya fi yawa a wajenmu, wanda ake kira 1ZZ, toh bel guda ɗaya ne tak a gaban injin, dogo mai layuka shida a cikinsa. Babban fulin ƙasa na karanshaf shi ke juya shi, shi kuma ya zagaya ya ja altaneta, ya ja wota famfo, ya ja famfon sitiyari, ya ja kwamfireson esi, duk shi kaɗai. Kuma babu wani haƙori da ya riƙe shi, matsi ne kawai, kamun da robar tayi wa ƙarfen fuli shi ke aikin. Duk lokacin da abinda ake ja yayi nauyi fiye da kamun sai bel ya zame a kan fuli, zamewar nan ita ce ƙiiii ɗin da kike ji. Kenan tambayar da ya kamata bakanike yayi wa kansa ita ce me yasa yake zamewa, kamun ne yayi rauni ko kuwa wani abu ne yayi masa nauyi. Canza bel ba tare da an amsa wannan ba zubar da kuɗi ne, kuma ga shi kin gani har sau biyu.

Lokutan da kika ambata sun taimaka min sosai, ina ma kowa zai riƙa lura haka kafin yaje gareji. Da safe in kin murza makulli kik yana zuƙar wuta mai yawa daga batir, injin na tashi altaneta zata duƙufa wajen mayar da abinda aka ci, a wannan ɗan lokacin juya ta yafi wuya, ga robar bel ɗin ta kwana cikin sanyi ta sandare, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kan fulika. Bayan minti ɗaya biyu batir ya ɗan cika, roba tayi ɗumi tayi laushi, sai kiji shiru. Esi ma haka ne, kina danna shi zaki ji ƙwas, kulocin kwamfireso ne ya kama, nauyi ya ƙaru a kan bel lokaci guda. Duk biyun abu ɗaya suke faɗa, bel ɗin bai samu matsin da ya kamata ba, yana iya ɗaukar aikin yau da kullum amma da an ƙara masa kaya sai ya zame.

Toh wa ke matse shi? A motarki babu notin da ake ɗaurewa, duk wanda yace miki ya ƙara wa bel ɗin Corolla irin wannan ɗauri ki tambaye shi a ina. Akwai wani hannu mai fuli a bakinsa da ake kira tenshina, shi ke danne bel ɗin da kansa, a wannan injin har da wata ƴar ƙaramar silinda a jikinsa mai kama da shokazoba. In ya tsufa ƙarfinsa raguwa yake, wani lokacin ma zaki ga silindar ta jiƙe da mai. Kuma dama sananne ne injin nan yana da wannan lalurar in shekaru suka ja, motar 2006 kuwa ba yarinya bace. Dalilin da yasa sabon bel ke yin sati biyu uku lafiya shine sabuwar roba tana da kamu, tana rufa wa tenshina asiri na ɗan lokaci, da ta ɗan saki ta fara santsi sai asirin ya tonu. Ni dai inaga nan matsalar take, da zan jera waɗanda nake zargi shi zan sa a gaba, sai mai ko ruwa da ke ɗiga a kan bel, sai bel da ba sayis ɗinsa ba ko jabu, altaneta tana can baya.

Amma zargi ba hujja bane, ga yadda za'a gane. Ki je garejin da safe, ko ma yafi kyau ki kwana da motar a can ko bakaniken yazo gida, saboda in kika tuƙa ta kika isa ta riga tayi zafi tayi shiru, sai ayi ta lalube a duhu. Kafin a tada ta a buɗe bonet a haska tocila a bi bel ɗin. Ana duba ko cikinsa yayi sheƙi kamar an goge shi, ko gefensa ya fara zare, ko wani layi ya ɓantare, ko ƙananan duwatsu sun maƙale a ramukan fuli. Wani abu da mutane da yawa basu sani ba, bel ɗin da ake yi a shekarun baya in ya tsufa tsattsagewa yake kowa ya gani, na yanzu kuwa robarsu daban ce, da wuya su tsage, cinyewa suke a hankali layukan suyi siriri har bel ya nutse cikin fuli ya daina kamu ta gefe, a ido kuma lafiyarsa ƙalau. Sannan a shafa yatsa a bayansa da kan fulika, in yatsa ya fito da maiƙo toh a bi sawu a ga daga ina. A injin nan baƙin mai yakan tsatso daga gaskit ɗin murfin sama ko gefen murfin taimin cen ko sil ɗin karanshaf, duk a saitin bel suke. Baƙin mai kumbura robar yake ya lalata ta, ko bel goma aka saka in ba'a toshe yoyon ba duk haka za su ƙare. A leƙa ƙasan wota famfo ma, yana da wani ɗan rami da yake zubo da ruwa in sil ɗinsa ya fara mutuwa, zaki ga busasshen sawu fari ko ja ko kore gwargwadon ruwan lagireton da ake zuba miki.

Daga nan a tada mota a barta a sulo. Anan Malama ina roƙonki ki tsaya baya ki bar bakanike yayi, in kuma dole sai kin leƙa toh ki tattare hijabinki ko mayafi ki riƙe gam, haka maza masu babbar riga da masu rataya carbi a hannu. Bel baya jira, in ya kama tufa fizgar mutum yake kafin ma ya ankara, kuma fankar lagireto ta lantarki ce tana iya tashi da kanta ba sallama. Wallahi ba wasa nake ba akan wannan.

Yana cikin kukan sai a huda ledar fiya wata a tsirta ruwa kaɗan a cikin bel ɗin, ɓangaren layukan, dab da inda zai shiga fuli, a saurara. In kukan ya ƙaru ya ƙara tsini, matsi ne babu, ruwan ya ƙara masa santsi, kenan tenshina ko bel da yayi tsawo. In kukan ya ɗauke ɗif na ƴan daƙiƙu sannan ya dawo, musamman in dama irin tsuwwar nan ce cuwi cuwi cuwi mai bin juyin injin, toh akwai fulin da ya kauce daga layi, bel na shiga a karkace yana gugar gefe, irin wannan yakan faru in an taɓa cire altaneta ko famfon sitiyari ba'a mayar daidai ba, ko fulin tenshinan kansa ya kwanta gefe. In kuwa ruwan bai canza komai ba ƙarar tana nan yadda take, toh ba roba ke kuka ba, boris ne a cikin ɗaya daga abubuwan da ake juyawa. Kinga da ruwan naira nawa an raba matsalar gida uku. A lokacin kuma a zuba wa hannun tenshina ido, lafiyayye ɗan motsi kaɗan yake, in kika ga yana rawa yana tsalle ana kunna esi yana karkarwa, ya gama aiki.

Gwajin da yafi kowanne shine a kashe mota a cire bel ɗin gaba ɗaya, da sifana ɗaya ake danne tenshina ya fita, amma a ɗauki hoton yadda ya zagaya da waya kafin a cire dan kar a zo mayarwa a rikice. Wanda ya danne tenshinan zai ji a hannunsa ko da ƙarfi ko ya saki, ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Sai a bi fulika ɗaya bayan ɗaya ana juyawa da hannu ana girgizawa. Na altaneta ya kamata ya juya shiru ba gargada. Ƙaramin fulin tenshina in aka wulwula shi yayi ta gudu yana shuuu kamar ba zai tsaya ba, giris ɗin cikinsa ya bushe, in kuma ana jin kamar yashi a ciki ya mutu. Na wota famfo in yana girgiɗi gaba da baya saura ƙiris. Ana iya tada injin ba bel na ɗan lokaci, kar ya wuce minti ɗaya tunda ruwa baya zagayawa, in ƙarar ta ɓace an tabbatar a layin bel take, in tana nan sai a nemi wani wajen. Allin kuma na babban fulin ƙasa ne, ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu, in robar ta saki sai na waje ya riƙa zamewa a kan na ciki yana kuka sak irin na bel. A ja layi da alli ya ratsa duka biyun, a tada mota a kunna esi da fitilu, a kashe a duba, in layin ya rabu biyu an kama ɓarawo. Ba kasafai ake samun wannan ba amma yana wahalar da mutane sosai dan ba'a tunawa da shi.

Yanzu maganar altanetar da ogan yace. Boris ɗin altaneta in ya lalace gurnani yake ko wani ƙugi mai bin totur, kina ba ta wuta yana ƙaruwa, kuma baya cewa yau safiya ce bari in yi minti biyu in huta, yana nan safe da rana. Bayaninki bai yi kama da haka ba. Abinda zan so a duba ta ɓangaren wuta shine batir, dan batir da ya gaji yana sa altaneta aikin wahala kullum, ita kuma ta ɗora wa bel. Mai rewaya ya sa mita, batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen 12.6, in mota na aiki kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In ma an cire bel an juya an tarar boris ɗinta ne, ba dole sai sabuwa ba, mai rewaya zai buɗe ta ya canza boris a mayar, kuɗin bai kama ƙafar na sayen wata ba.

Sabulu kuwa abin yana min ciwo, kuma ba laifin yaron bane shima haka ya gani ana yi. Wasu sabulu, wasu kyandir, wasu man birki, wasu har giris ko baƙin mai. Duk abinda suke yi shine su sa bel ya zame shiru maimakon ya zame da ƙara, zamewar tana nan, ta ma ƙaru, altaneta bata caji yadda ya kamata, roba na ɗaukar zafi, maiƙon kuma yana tara ƙura. Mai mota ya tafi yana murna an gyara alhali an toshe bakin abinda ke gargaɗinsa ne. Dan Allah ƴan uwana masu gareji mu daina koya wa yara wannan. Tunda an shafa wa naki, in an zo saka sabon tenshina a wanke fulikan tas da burushi su bushe, kuma a haɗa da sabon bel, wancan ya riga ya sha santsi.

Wajen saye ki sa a duba lambar da ke bayan bel, zaki ga an rubuta 6PK sai lambobi huɗu a gaba, shidan nan yawan layuka ne, lambobin kuma tsawonsa ne a milimita. Bambancin milimita 15 ko 20 a ido ba komai bane amma ya isa ya sa tenshina ya kai ƙarshen tafiyarsa ya kasa matsewa, kuma abinda ke faruwa shine yaro yaje kasuwa da tsohon bel da ya riga ya saki a gwada da ido a bashi wanda ya kusa. A nemi lambar da ta dace da injin, ba wadda ta kusa ba. Bando, Mitsuboshi, Gates, Dayco duk sunaye ne masu kyau, sai dai jabunsu ya cika kasuwa, in kika ji farashi yayi arha fiye da hankali ki ajiye. Tenshina kuma in da hali sabo mai kyau yafi, ɗan Beljiyam sa'a ce, wani zai yi shekaru wani kuma tsufansa ɗaya da wanda aka cire, in shi za'a saya ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za'a aiko a gwada ƙarfinsa da fulinsa kafin a biya.

Haɗari kuma eh akwai. Zirga zirgar cikin gari zuwa makaranta na ƴan kwanaki kafin ki haɗa kuɗi ba laifi, ki rage kunna esi. Amma kar ki hau titin Funtuwa ko Sakkwato da ita a haka, kin fi ni sanin ba hanyoyin da ake son mota ta tsaya da mutum bane. In bel ɗin nan ya tsinke ko ya fita komai tsayawa yake lokaci guda, fitilar batir zata kama a dashbod, sitiyari yayi tauri, wota famfo ya daina juyawa, cikin ƴan mintuna injin ya ɗau zafi. In hakan ta taɓa faruwa ki samu gefe ki kashe nan take, kar ki ce bari in lallaɓa in ƙarasa, lallaɓawar nan ce ke ƙona gaskit har ta lanƙwasa kan injin, gyaran da ya ninka kuɗin tenshina sau da yawa. Allah ya tsare, in an gwada ki rubuto mana abinda aka gani.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Camry ce da ni ƙirar 1999 ina haya da ita, tana ƙara in na murɗe sitiyari har ƙarshe, na kai aka ɗaure bel sosai ƙarar ta tafi, amma yanzu wani gurnani nake ji kullum ko a tsaye take. Meye abin yi?
Daga wani direba a Bauchi.

AMSA: Yauwa direba, barka kadai. Taka ba irin ta Malama bace, in mai silinda huɗu ce 2.2 bel biyu ne a waje, ɗaya na altaneta da esi ɗaya na famfon sitiyari, kuma da hannu ake ɗaure su. Inaga an wuce gona da iri wajen ɗaurin, bel da aka ja ya zama kamar tsirkiya boris yake ci, na famfon sitiyari ko na altaneta, gurnanin da kake ji kenan. Ka koma a sassauta, ƙa'idar da muke bi in ka danna tsakiyar inda yafi tsawo da babban yatsa da ƙarfi ya lotsa kamar santimita ɗaya. In an sassauta gurnanin bai tafi ba a cire bel ɗaya bayan ɗaya ana tada mota, wanda aka cire ƙara ta ɗauke a layinsa ɓarnar take. Ka duba man sitiyari ma, in yayi ƙasa ko yana kumfa famfon da kansa yana gurnani. Sannan ka daina riƙe sitiyari a ƙarshe kana dannawa, in ya kai ka ɗan sako shi kaɗan, a ƙarshen nan famfo ke shan matsi mafi yawa.

Abu ɗaya da nake so ka kula, a injin ɗinka wota famfo taimin bel ke juya shi, yana ɓoye bayan murfin roba a gefen injin. In an cire bel biyun nan duka gurnanin yana nan kuma daga cikin murfin yake fitowa, ka ajiye lodi a buɗe ranar, in za'a canza a haɗa taimin bel da fulikansa da wota famfo a yi aiki ɗaya.

TAMBAYA: Salam. Ni sai an wanke min injin ko na shiga ruwa take yin ƙarar, in ta bushe shiru. Matsala ce?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena. In na ƴan daƙiƙu ne bayan wanki ba abin tada hankali bane, jiƙaƙƙen bel yakan zame kaɗan. Amma in ko ƙaramin kududdufi ka taka sai tayi, ka leƙa ƙasa ta gefen tayar gaba, akwai wata robar kariya da ke tare ruwa da laka, yawanci an cire ta a wani gyara ba'a mayar ba ko ta karye a rami. A mayar da ita, a duba matsin bel ɗin kafin damina, kuma ka ce wa masu wanki su daina saita bakin injin feshi kai tsaye a kan altaneta da fulika, ruwan na shiga boris ya wanke giris ɗin ciki.